RIJIYA DA IYAKA: GASAR INGILA DA FARANSA A KAN AREWACIN ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna, wadda ke kudu da kogi, zai ga inda hanyoyi uku suka haɗu. Ɗaya ta fito daga Ikko ta biyo ta Minna, ɗaya ta fito daga Fatakwal ta biyo ta Kafanchan, ta ukun kuwa ta haye gada ta miƙe arewa zuwa Zariya da Kano. Wannan ta arewa ta yi rassa biyu daga baya: reshen Ƙauran Namoda a 1929, da na Nguru a 1930. Dukkan rassan biyu sun doshi ƙasar Nijar, amma suka tsaya ba su shiga ba, domin a gabansu akwai iyaka mai tsawon wajen kilomita 1,500, wadda ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Sakkwato da Birnin Ƙonni, ta raba Kano da Damagaram.

Abin tambaya shi ne, me ya sa iyakar nan ta faɗa inda ta faɗa? Amsar da aka saba bayarwa ita ce Turawa suka zauna a Barlin suka ja layi a kan taswira. Wannan magana ba ta cika daidai ba. Taron Barlin na 1884 zuwa 1885 bai zana iyakar Nijeriya da Nijar ba. An fara zana ta a 1890, aka sake ta a 1898, aka kuma sake ta a 1904, sa'an nan aka tabbatar da ita a 1906. Kowane karo kuwa abin da ya motsa ta shi ne canjin abin da Landan da Faris ke tsoro a wasu sassan duniya.

Cinikin biri a sama, 1890

A 1885 wani kamfanin ciniki na Ingila, wanda George Goldie ke shugabanta, ya aiko da Joseph Thomson wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba da Sarkin Gwandu. Sauri yake yi, don kuwa wani Bajamushe, Eduard Flegel, shi ma ya nufo wajen da irin wannan niyya. Thomson ya koma da takardu waɗanda kamfanin ya ce sun ba shi iko a kan gaɓar Kwara da Binuwai. A Sakkwato kuwa abin da aka ɗauka shi ne an ba wa baƙin fatake izinin ciniki, kamar yadda aka saba. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar izinin mulki, ya zama Kamfanin Neja. Wannan tsari ya yi wa Ingila daɗi, don ta sami ikirarin mallakar ƙasa ba tare da ta kashe ko sisi daga baitulmalinta ba.

A watan Yuli na 1890 Ingila ta shirya da Jamus a kan Afirka ta Gabas, inda Jamus ta bar mata Zanziba. Faransa ta tada jijiyar wuya, saboda tun 1862 ita da Ingila sun yi alkawarin mutunta 'yancin Sarkin Zanziba. Don a lallashe ta, ranar 5 ga Agusta 1890 Ingila ta amince mata da Madagaska, ta kuma yarda ikonta ya taso daga Aljeriya har zuwa wani layi da aka ja daga garin Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi. Aka ƙara da sharaɗin cewa duk abin da yake na daular Sakkwato bisa gaskiya zai kasance a ɓangaren Kamfanin Neja.

Wannan shi ne cinikin biri a sama. Babu ɗaya daga cikin masu cinikin da ke da soja ko ɗaya a ƙasar da suke rabawa, babu kuma wanda ya san inda daular Sakkwato ta tsaya. Firayim Ministan Ingila, Lord Salisbury, har ba'a ya yi a majalisa cewa abin da Faransa ta samu rairayin Sahara ne. Faransawa ba su manta da wannan ba'a ba. Suka aiko da hafsansu Monteil, ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, ya isa Kukawa a 1892, ya koma ya ba da labarin cewa bai ga alamar mulkin kamfanin a ko'ina cikin waɗannan birane ba.

Daga ciniki zuwa bindiga

Tun daga lokacin nan Faransa ta riƙe hujja guda, watau ƙasa ta wanda ya zauna a cikinta da soja ce, takarda kaɗai ba ta isa ba. Wurin da aka fara gwada wannan hujja shi ne ƙasar Bargu, yamma da Kwara. A 1894 Kyaftin Lugga, yana aiki wa kamfanin, ya riga Bafaranshe Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki. Amma a 1897 sojan Faransa suka zauna a Busa, inda suke iya kaiwa ga sashen Kwara da jiragen ruwa ke bi har teku.

Nan ne siyasar Ingila ta yi juyi na farko. Joseph Chamberlain, wanda ya zama ministan ƙasashen mulkin mallaka a 1895, ya ga cewa kamfanin ciniki ba zai iya tare gwamnatin Faransa ba. A 1897 ya kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma da kuɗin gwamnati, ya ɗora Lugga a kanta, aka ɗebi soja da yawa daga cikin Hausawa da Yarabawa. Ya kamata a lura da wannan, don rundunar da daga baya ta ci Kano da Sakkwato asalinta an kafa ta ne don a tare Faransa. A farkon 1898 sojan ɓangarorin biyu sun yi ta cirko-cirko a ƙauyukan Bargu, tuta na kallon tuta, yaƙi ya rage kaɗan ya ɓarke.

Ranar 14 ga Yuni 1898 aka sasanta a Faris. Faransa ta riƙe Nikki, Ingila ta riƙe Busa. Game da arewa kuwa, aka kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin. Daga ƙarshen bakan aka bi layukan taswira miƙaƙƙu zuwa Tafkin Chadi. Bisa wannan zane, Birnin Ƙonni da Madawa da Tsibiri da Maraɗi duk sun faɗa ɓangaren Ingila, Tasawa da Damagaram suka faɗa na Faransa. Bayan wata uku kacal ƙasashen biyu suka sake yin arangama a Fashoda, a bakin kogin Nilu, inda Faransa ta janye dole. Gaba tsakaninsu ba ta taɓa yin tsanani kamar na wannan shekara ba tun bayan zamanin Napoleon.

Abin da talakawa suka gani

Burin Faransa shi ne ta haɗa mulkinta na Aljeriya da na Afirka ta Yamma da na Kwango a bakin Tafkin Chadi. Ɗan aikenta na farko, Kyaftin Cazemajou, an kashe shi a Damagaram a watan Mayu na 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A farkon 1899 wata runduna ta taso daga bakin Kwara a ƙarƙashin Voulet da Chanoine. Da suka ga hanyar da yarjejeniya ta bar musu ba ta da ruwa, sai suka ratso cikin bakan Sakkwato, suna ƙone garuruwa suna kashe mutane. Sun yi yaƙi da Sarauniyar Lugu a watan Afrilu, suka wargaza Birnin Ƙonni a watan Mayu, alhali kuwa a takarda garin yana ƙarƙashin kariyar Ingila. Ingila ba ta da ko mutum ɗaya a wurin da zai hana.

Da labarin ta'asar ya kai Faris, aka aiko da Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli 1899 a kusa da Tasawa, cikin 'yan kwanaki kuma sojansu suka juya suka kashe shi da Chanoine. Ragowar rundunar ta ci Damagaram a ƙarshen watan, ta wuce ta haɗu da sauran rundunonin biyu, suka kashe Rabe a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900.

Faransa ta sami abin da take so a taswira, amma a ƙasa ta shiga uku. Don a je Damagaram daga Kwara ba tare da an taka ƙasar Ingila ba, sai an zagaya bakan nan ta arewa, ta wajen Tawa, cikin ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi. Ayarin soja da raƙuma ba sa iya bin wannan hanya da rani sai da hasara mai yawa. Saboda haka jami'an Faransa suka yi ta roƙon izinin ratsawa ta kudu, suka kuma yi ta kai kuka Faris cewa a nema musu hanya mai ruwa.

A ɓangaren Ingila kuwa, ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnati ta karɓe mulki daga kamfanin, Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja. Cikin hujjojin da ya kawo na tura soja arewa, ban da kisan Kyaftin Moloney a Keffi a 1902, har da cewa hukumar haɗin gwiwa ta auna iyaka tana buƙatar hanya, kuma ba zai yiwu Ingila ta ci gaba da ikirarin ƙasar da ba ta riƙe ba alhali Faransawa na zaune a Damagaram. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli.

Juyi na biyu, 1904

Ana cikin haka lissafin Landan ya canja. Yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 ya ci wa Ingila kuɗi da rayuka, ya kuma nuna mata ba ta da aboki a Turai. Jamus ta fara gina manyan jiragen ruwan yaƙi bisa dokokin 1898 da 1900. Rasha, abokiyar ƙawancen Faransa, tana matsa wa iyakokin Indiya. Ingila ta ga abokan gaba sun yi mata yawa, dole ta rage. Ta ƙulla ƙawance da Japan a 1902, sa'an nan ta juya ga Faransa, wadda ministan harkokin wajenta, Delcassé, yake ganin Jamus ce babbar barazana.

Ranar 8 ga Afrilu 1904 aka sa hannu a yarjejeniyar da aka sani da suna Entente Cordiale. Jigonta shi ne Faransa ta sakar wa Ingila mara a Masar, Ingila ta sakar wa Faransa a Maroko. Amma akwai wani tsohon rikici, watau haƙƙin da masuntan Faransa ke da shi tun ƙarni na 18 na kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, kusa da Kanada. Faransa ta yarda ta saki wannan haƙƙi, aka biya ta da ƙasa a Afirka: tsibiran Los kusa da Konakiri, da wani yanki a Gambiya, da gyaran iyaka tsakanin Kwara da Chadi don ta sami hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Aka share yawancin bakan Sakkwato, aka turo layin kudu. Ta haka Madawa da Tsibiri da Maraɗi suka koma hannun Faransa, Ƙonni kuwa sai a 1906. Mutumin Maraɗi da ya tashi yana karatu da Faransanci a maimakon Ingilishi, cikin dalilan haka har da kifin wani tsibiri da kakanninsa ba su taɓa jin sunansa ba.

An ƙara tace layin a yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906. Daga 1906 zuwa 1908 hukumar Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho ta bi shi ƙauye ƙauye, ta kafa alamomi 148, aka amince da aikin a 1910.

A nan akwai abin da adalci ya wajaba a faɗa. Layin ƙarshe bai zama na kan-mai-uwa-da-wabi kamar na 1890 da 1898 ba. Masu aunawa sun bi rijiyoyi da hanyoyin fatake, sun kuma tambayi wane gari ke kai gaisuwa ga wane sarki. A wurare da dama layin ya bi tsohuwar ɓarakar da jihadi ya bari: sarakunan Haɓe na Katsina da suka koma Maraɗi, da Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Damagaram wadda ba ta taɓa bin Sakkwato ba. Sai dai ita waccan ɓaraka ta dā tana matsawa, ana yaƙi ana sulhu, ana aure ana fatauci. Turawa suka zo suka daskarar da ita, suka sa mata kwastan.

Abokan gaba sun zama abokan aiki

Da zarar Landan da Faris sun shirya, sai jami'ansu na nan suka koma taimakon juna. A farkon 1906, lokacin da Saibu Ɗan Makaho ya tsere daga ƙasar Faransa bayan tawayen Kobkitanda ya shiga Satiru kusa da Sakkwato, gwamnatocin biyu sun ɗauki abin a matsayin haɗari ɗaya. A 1914 suka haɗa ƙarfi suka yaƙi Jamus a Kamaru, har Mora ta miƙa wuya a Fabrairu 1916. Da Kawusan ya kewaye Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, sojan Nijeriya aka tura suka ƙetare iyaka don su riƙe wa Faransa garuruwan kudu.

Garin Kaduna ɗan wannan zamani ne. Hanyar jirgin ƙasa da aka fara daga Baro a zamanin Gwamna Girouard ta isa Kano a 1911, don a kwashi auduga, don kuma a iya kai soja arewa cikin kwanaki a maimakon makonni. Inda ta ƙetare kogin Kaduna nan Lugga ya zaɓa ya zama mazaunin rundunar nan ta 1897, aka kuma maido da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Hanyar ta janye cinikin Kano daga Tarabulus ta maida shi teku, har gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta Kano take bi, ta wuce ta Kaduna zuwa Ikko. Wannan dogaro da ƙasar Ingila bai kwanta wa Faransa a rai ba, yana kuma cikin abubuwan da suka sa ta ɗauke hedkwatar Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

Jituwar ma ba ta ɗore ba yankewa ba. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, Nijar ta bi gwamnatin Vichy, Chadi a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle. Dare ɗaya iyakar Katsina da Sakkwato ta koma bakin daga, aka tsananta tsaro, aka taƙura fatauci, har ƙarshen 1942 lokacin da Afirka ta Yamma ta Faransa ta koma ɓangaren ƙawance. Talakawa kuwa sun koyi amfani da layin don kansu. Da haraji ko aikin tilas ya yi tsanani a ƙasar Faransa, wanda ba a soke shi ba sai 1946, sai ƙauye ya kwashe ya ƙetaro kudu. Harshe ma ya ɗauki tabon abin: a nan ana cewa Razdan da Di'o da makaranta, a can ana cewa kumandan da mushe da lakwal.

Bayan samun mulkin kai

Nijar ta sami mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, kowacce ta gaji layin O'Shee da Tilho. Gasar manyan ƙasashe ta sake kama, amma ba ta ƙare ba. A Janairu 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya. A Janairu 1962 aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila bayan ɗalibai sun yi zanga-zanga. Unguwar Kakuri kaɗai ta isa misali na yadda tsofaffin abokan hamayya suka koma neman kasuwa: masaƙar da aka buɗe a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, da ma'aikatar makamai da aka kafa a 1964 da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma, da ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot ta Faransa a 1975.

Juyi na baya-bayan nan ya zo ne bayan da soja suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, har aka yi barazanar kai soja. Sanatocin Arewa da sarakuna da malamai suka nuna ƙin yarda, domin jihohi bakwai ne ke jingine da wannan iyaka, daga Kebbi har Barno. Ba a buɗe ta ba sai Maris 2024, bayan 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari sun ɗanɗana kuɗarsu. Sojan Faransa na ƙarshe sun bar Nijar a Disamba 2023, masu horar da soja daga Rasha suka sauka Yamai a Afrilu 2024, Amurka ta kammala kwashe nata sojan a Satumba 2024, sa'an nan a Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata.

Kammalawa

Abin da tarihin nan ke nunawa a fili yake. Cikin shekara 14 kacal, daga 1890 zuwa 1904, Ingila ta ɗauki Faransa abokiyar ciniki, ta ɗauke ta abokiyar gaba, ta kuma ɗauke ta abokiyar ƙawance, kowane juyi kuwa ya bar alamarsa a ƙasar Hausa. Zanziba ta haifi layin farko, Bargu ta haifi na biyu, tsoron Jamus ya haifi na uku. Ba a tambayi Sarkin Musulmi ba, ba a tambayi Sarkin Katsinan Maraɗi ba, balle manomin Ƙonni da aka ƙone wa rumbu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati da zai ba da shawara a kan harkar iyaka yana da abin ɗauka a nan. Idan wata babbar ƙasa ta zo da tayin abota ko sansanin soja, ya dace a fara tambayar wa take tsoro a yanzu, da kuma abin da za ta yi ranar da tsoron ya koma wani wuri. Ya dace kuma a tuna cewa baƙo yana iya naɗe kayansa cikin 'yan watanni, kamar yadda aka gani a Yamai da Agadas, amma Katsina ba ta da inda za ta kai Maraɗi. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano, ta Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Hanya ce da aka shirya za ta tsallake layin 1906, kuma amfaninta zai rataya ne a kan ko gwamnatocin Abuja da Yamai za su bar ƙofar a buɗe.